Kawu da Warin Takalmi

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kawu ya riga mu.

A Argungu muka rufe shi, kusa da mahaifiyarsa, amma zaman makoki a gidansa na Nasarawa aka yi, nan Birnin Kebbi. Malaman unguwa sun zo sun yi addu'a. Manoman Ambursa sun zo a kan babura, wasu da taɓon fadama a ƙafa. 'Yan tasha kuwa sai da aka ƙaro tabarmi har bakin titi.

Kowa da abin da ya tuna. Liman ya ce bai taɓa riga shi shiga masallaci ba. Wani ɗan Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, wanda ya tsufa a garin nan har Hausarsa ta fi tawa, ya durƙusa a ƙofar zaure. Ya ce, "Baba bai taɓa karɓar kayan birki a hannuna ba sai ya juya su ya shinshina, kamar mai sayen kifi." Aka yi dariya.

Tsohuwar da ke soya kifi a tashar Argungu ba ta iya zuwa ba, ƙafa ta hana ta. Sai ta aiko da ƙulli a leda. Aka kwance, aka ga takalman Kawu ne, na ƙarshe da ya manta a gaban teburinta. Aka shiga da su cikin gida aka miƙa wa matarsa, wadda muke kira Inna. An ce ta karɓa ta ɗora a cinya, ba ta yarda kowa ya taɓa ba.

Tsohon kamashon tasharmu mai kiran fasinja, abokin Kawu tun suna samari, yana zaune kusa da ni. Ya dubi tulin takalman masu gaisuwa a bakin zaure ya ce, "To, yau dai ya tafi inda ba a shiga da takalmi. Ba mai yi mishi gardama can."

Ni dai sauraro nake yi. Ba ni da yawan magana. Ɗan ƙanwarsa ne ni, shi ya koya mini tuƙi, kuma duk wanda ya zo gaisuwa sai ya saci kallon ƙafata ta dama. Ban yi boko ba, ɗan rubutun nan a ajin yaƙi da jahilci na tsince shi. Amma na ji yadda ake ba da labarinsa a kan tabarmin nan, direban da ba ya sa takalmi, abin dariya. Idan na yi shiru, iyakar abin da zai rage ke nan. Shi ya sa na zauna.

Gaskiya ne, Kawu ba ya tuƙi da takalmi. Fijo yake ja, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, ranar kasuwa ya zarce Augie ya ɗauko masu albasa. Idan lodi ya cika, zai zo bakin ƙofa ya tuɓe takalmansa kamar mai shiga ɗakin surukai. Akwai wani tsumma da yake ratayewa a jikin ƙofar. Zai zauna a gefen kujera, ya goge tafin ƙafar dama, ya goge na hagu, har tsakanin yatsu, sannan ya ja ƙafafun ciki ya yi bisimilla. Ya ce ƙafa mai taɓo da takalmi mai santsi duk ɗaya ne, ba wanda birki zai riƙe.

Takalman kuma ba ya yarda su zauna a ƙarƙashinsa. Ya taɓa ganin motar da silifa ya shige ƙarƙashin birkinta, kuma bai taɓa ba mu labarin har ƙarshe ba. Don haka ko dai ya miƙa wa fasinjan gaba ya riƙe, ko ya bar su a ƙasa ya ce zai ɗauka. Sau da yawa mantawa yake yi. Mota na fita daga tasha za ka ji kamasho yana ihu yana ɗaga su sama.

"Takalmanka, direba!"

"Riƙe su, gadonka ne!"

Kullum haka. Idan ya isa Argungu sai ya sauka ƙafa ba komai, ya ari na wani ya je masallaci.

Tafin ƙafarsa kuwa ya yi kauri, duk faso, ƙaya ba ta shigarsa. Amma da wannan ƙafar yake jin mota. Yana tafe sai ya ce, "Birkin baya ya fara cinyewa." A je gareji a kwance, a tarar haka ne. Da bazara ƙarfen totur yana ɗaukar zafi, na taɓa yi masa ƙorafi, ya ce, "Mota ce ke gaya maka tana jin ƙishi. In ka sa takalmi ka toshe kunnenka."

Ranar da ya fara ɗora ni a kan sitiyari, da sabon silifa na zo. Ya dube shi ya ce, "Mi kaka yi da wanga abu?" Kafin in amsa ya tsince shi ya wurga bayan katanga. Ya koya mini danna totur da babban yatsa, da sakin kuloci da tsakiyar tafin hagu, da ajiye diddige wuri guda kada ya riƙa yawo. Ba ya yabo. Abu ɗaya yake auna direba da shi. Ya ce direba shi ne wanda tsohuwa za ta yi barci a motarsa, ya tsaya, ba ta san an tsaya ba.

Ba zan ce ba shi da aibi ba. Yana da taurin kai, kuma bakinsa da zafi. Direban da ya gani da takalmi sau-ciki ba ya amsa gaisuwarsa da kyau. Makafin ƙafa yake ce musu. Akwai direbobin kirki masu sa takalmi waɗanda suka tsufa ba su taɓa buge ko akuya ba, amma Kawu ba ya son a kawo masa wannan zancen.

A kan haka muka ɓata.

Lokacin da aka ba mu jiha, Birnin Kebbi ta cika da baƙi. Ma'aikata suka yi ta tahowa daga Sakkwato da iyalansu da kujerunsu a kan manyan motoci. Ofisoshi suka buɗe, ana neman direbobi ido rufe. Aka kira Kawu a wani ofis, aka kira ni. Aikin ba laifi, mota sabuwa, amma akwai kaki, kuma akwai baƙin takalmi mai igiya. Kawu ya ɗaga takalmin ya ƙwanƙwasa ƙasansa da yatsa, ya ajiye, ya yi musu godiya ya fito. Ni na tsaya. Ina da mata da 'ya'ya, na gaji da jiran lodi a rana.

Da yamma na je gaishe shi da kakin a jikina. Yana zaune a ƙofar gida yana yanke farce.

"Kawu, ina wuni."

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Haba Kawu."

"To mi zan ce? Ga ka nan kamar ɗan sanda. Sun ba ka takalmi, sun karɓe ƙafa."

Na ce masa mutanen da suka ƙera motar ma da takalmi suke tuƙa ta. Ya ce to in je su koya mini. Na ce ai na riga na iya. Wannan kalmar ce ta yi masa ciwo. Ya naɗe tabarmarsa ya shige gida. Daga ranar, idan muka haɗu a hanya ya daina ɗaga mini hannu. Inna ta yi ta shiga tsakani, ba ta ci nasara ba. Damina ta wuce, wata ta zo, muna haka.

Sai hatsari ya same ni. Ni kaɗai ne a motar, an aike ni Argungu. Na wuce Ambursa kaɗan tayar gaba ta fashe, motar ta bar titi ta yi ta juyawa har cikin gonar shinkafa. Manoma ne suka ciro ni. Na rayu. Amma ƙarfe ya danne ƙafar dama, a asibiti aka yanke yatsun duka biyar da ɗan abin da ke bayansu.

Kafin in farfaɗo magana ta gama tasha: takalmi ne ya ja. Ga abin da tsoho ya daɗe yana faɗa. Kowa yana jiran Kawu ya buɗe baki ya ci nasararsa. Kamasho ne ya ba ni labarin abin da ya faru. Ya ce Kawu bai zo asibiti da fari ba, gonar ya tafi. Ya shiga cikin taɓo ya zagaya motar, ya duba tayar, ya hau titi ya bi sawun birki a tsugune. Da ya dawo tasha aka kewaye shi.

"Baba, ai ka faɗa. Takalmi ne ko?"

"Taya ce."

"Amma da ƙafa ba komai yake..."

"Na ce taya ce. Ya taka birki inda ya kamata, ya saki inda ya kamata. Ko ni ne a ciki, gonar nan za ni. Kuma ba don takalmin ba, da har idon sawu za a yanke. Wanda ya ƙara cewa takalmi ne, ni da shi."

Mutumin da ya yi shekaru yana zagin takalmi ke nan. An miƙo masa gaskiya a hannu, ya duba ya ga ba tasa ba ce, ya mayar.

Da ya zo asibiti bai yi mini sannu mai tsawo ba. Ya ɗaga mayafi ya dubi ƙafar, ya rufe. Ya ce, "Diddige na nan." Ya ajiye ledar lemo ya tafi.

Ciwo ya warke, aiki ya tafi. Ban ga laifin ofis ba, ba wanda zai ba mai rabin ƙafa sabuwar mota. Na koma gida na zauna. Matata ta fara sayar da ƙosai a ƙofar gida. 'Yan tasha suka ce in zo a ba ni benci in riƙa kiran fasinja. Wani ma, da kyakkyawar niyya, ya ce akwai wurin zama a ƙofar babban masallaci ranar Juma'a, masu irin lalurata suna samu. Ban zage shi ba. Amma na san idan ban koma kan sitiyari ba, can zan ƙare, domin ban iya komai ba sai tuƙi.

Wata safiya Kawu ya tsaya da fijo a ƙofar gidana ya danna oda. Ya kai ni wani fili a bayan gari, ya koma kujerar fasinja. Na shiga ƙafa ba komai, yadda ya koya mini. Ban iya ba. Dungun ya yi gajere, idan diddige na ƙasa ba ya kaiwa birki, idan na ɗaga ƙafar na danna sai zafi ya harba har ƙugu, ƙafar ta zame. Na gwada da tsohon takalmin ofis, gabansa fanko, ya lanƙwashe. Motar ta yi ta tsalle tana mutuwa. Na kashe ta na ce, "Kawu, a bar shi."

Ya daɗe yana kallon ƙafar. Ya ce, "Ƙafa ta ƙi. To sai a yi mata takalmi." Ya faɗi kalmar kamar mai haɗiye maɗaci.

Akwai wani baduku a Argungu, tsoho, mai ɗinka sirdi da kube. Can Kawu ya kai ni. Ya sa na taka ƙasa mai laushi, baduku ya auna sawun. Kawu ya tsuguna ya yi ta bayani. Ƙasan diddige ya zama fata ɗaya, siririya, don in riƙa jin motsin mota ta nan. Gaba ya zama mai tauri, a saka guntun taya, don ya tsaya a madadin yatsu. Ciki a cusa audugar rimi inda dungun zai zauna. A yi masa maɗauri a idon sawu, kada ya taɓa tuɓewa.

Baduku ya ce, "Wari ɗaya?"

"Wari ɗaya. Ta hagu lafiyarta lau, mi ta yi da za a ɗaure ta?"

Da aka gama na miƙa hannu zan karɓa, Kawu ya riga ni. Ya ce ba zai ɗora ni a kan abin da bai sani ba. Sai da ya gwada da kansa.

Wannan ne 'yan tasha ba za su manta ba, ko da yake a wurin makoki ba wanda ya tayar da shi. Da safe, lodi ya cika, Kawu ya zo bakin ƙofa ya tuɓe takalmansa kamar kullum. Ya goge ƙafafu. Sai ya lanƙwashe yatsun ƙafarsa ta dama, ya ɗaure su tam da tsumma don kada su taimake shi, ya cusa ƙafar cikin warin takalmina ya ja maɗauri. Tasha ta fashe da dariya.

"Jama'a ku zo ku gani! Baba ya tuba!"

"Makahon ƙafa, a ja maka sanda?"

Kamasho har da riƙe ciki. "Ɗayan fa, direba? Ko sai an yi albashi?"

Kawu bai dubi kowa ba. Ya tayar da mota ya fita. Da ya dawo da la'asar yana ɗingishi, yatsun sun kumbura. Ya ce gaban ya cika tauri, birki na kamawa da ƙarfi. Muka koma wurin baduku aka rage. Ya sake gwadawa, ya ce yanzu yana zamewa idan an yi ruwa. Aka tsattsaga ƙasan tayar da wuƙa. Haka ya yi ta yi, ana yi masa dariya kullum, har ranar da ya sauko ya kwance maɗaurin ya miƙo mini ya ce, "Yanzu yana ji."

Muka koma filin bayan gari. Na yi ta koyo kamar sabon shiga. Da diddige nake jin mota yanzu, ba da yatsa ba. A hankali ƙafar ta gane.

Saura fasinja. Ranar da Kawu ya ce ni zan ja fijo zuwa Argungu, mutane suna zuwa, su leƙa su ga wanda ke kan sitiyari, su koma motar baya. Kowa ya san labarina. Rana ta ɗaga, motar ba kowa. Kamasho ya yi kira har muryarsa ta dushe. Na fara kwance maɗauri.

Kawu ya ce, "Bar shi nan." Ya tafi. Can sai ga shi da Inna, da lulluɓinta da ƙwaryar fura a hannu, wai za ta gaida danginta a Argungu. Ya buɗe mata baya ta zauna. Shi kuma ya zagayo gaba, ya tuɓe takalmansa, ya shiga kujerar fasinja ya ɗora su a cinya. Ya leƙa ta taga ya ce da jama'a, "Ga matata, ga ni. Wanda ransa ya fi namu tsada ya jira wata."

Wata mai albasa ce ta fara shiga. Ta ce, "In Baba ya yarda, ni wa?" Sai wani malami. Sai motar ta cika.

Ban taɓa jin tsawon hanyar nan kamar ranar ba. Da muka zo daidai gonar da na faɗa, na ƙara riƙe sitiyari. Kawu bai dube ni ba, ya ce, "Shinkafarsu ta yi kyau bana." Muka wuce. Shanu suka tare hanya a gaba, na rage gudu, na tsaya, na tashi. Ba wanda ya yi salati. Da muka shiga tashar Argungu na tsaya a gaban mai kifi na kashe mota. Fasinja suka sauka. Inna ba ta motsa ba, kanta na jingine da gilashi, ƙwaryar fura a cinya ko ɗigo bai zuba ba.

Kawu ya juya ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, "Tashe ta." Iyakar yabon da na taɓa samu a wurinsa ke nan. Har yau ban sani ba ko barcin gaske ta yi. Na tambaye ta, ta ce in bar ta da tambayar banza.

Tun daga ranar nake tuƙi, dama da takalmi, hagu ba komai. Yara a tasha suna kirana mai wari ɗaya. Ba ya damuna. Da wannan warin na ciyar da gidana, ban zauna a ƙofar masallaci ba.

Kawu bai canza ra'ayi ba, kada wani ya ce ya canza. Har ya bar tuƙi yana zagin takalmi. Idan aka ce to ga ɗan ƙanwarka fa, sai ya ce, "Wancan ba takalmi ba ne, ƙafa ce." Da ciwon suga ya kama shi, tafin ƙafarsa ya fara mutuwa. Wata rana ya dawo daga Augie ya ce ya taka birki bai ji shi ba sai da mota ta tsaya. Ba wanda ya ce ya bari. Shi da kansa ya ciro makulli ya ajiye a hannuna, ya ɗauki tsummansa daga jikin ƙofa, sannan ya mayar ya ce, "Na mota ne."

A asibitin Birnin Kebbi ya cika, da hantsi. Ya bar wasiyya a kai shi Argungu. Aka yi masa wanka aka yi sutura a gida. Aka kawo maganar motar da za ta ɗauke shi, wasu suka ce a nemo ta asibiti. Inna ta aiko daga cikin ɗaki ta ce fijo za ta kai shi, kuma ni zan ja.

Muka kwantar da kujerun baya muka shimfiɗa shi. Kamasho ya shiga ya zauna kusa da kan Kawu. Na zauna a gefen kujera, na goge ƙafar hagu da tsumman, na ja maɗaurin dama. Muka bi ta gaban tasha. Direbobi suna tsaye a bakin titi, ba wanda ya yi ihun komai.

Hanyar ta lalace a wurare, na bi da shi a hankali. Muka wuce Ambursa, muka wuce gonar. Kamasho ya sunkuyar da kai yana jan carbi, bai ɗago ba. Da muka isa ƙofar gidan da za a yi masa salla, jama'a sun yi sahu suna jira. Na saki totur, na ɗora takalmin a kan birki, na bar motar ta kwanta da kanta.

Mun ɗan jima a tsaye kafin kamasho ya ɗago kai. Ya dubi taga, ya dube ni.

Ya ce, "Mun iso?"

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa zafin bakinsa, Ya sa ƙafarsa ta tabbata a ranar da ƙafafu ke zamewa. Amin.